Haƙori Ne Ko Zazzaɓin Sauro? Amsoshin Tambayoyin Masu Goyo

Wadda ta taɓa zama a kan benci ranar awo, ko a Garwa ko a Marwa a arewacin Kamaru, ta san tambayoyin da mata ke yi wa juna ƙasa-ƙasa kafin layi ya zo kansu. Da yawa ba sa isa kunnen malamar asibiti, don kunya ko don tsoron faɗa. Su na tattaro a nan. Abin da na lura shi ne, yawancin cututtukan da ke kwantar da yaranmu muna da sunan gida da muke kiransu da shi, kuma sunan nan ne ke sa a zauna a jira.

A zafin Maris da Afrilu, yaya za a ce kada in ba jaririna ruwa? Ai ƙishirwa za ta kashe shi.

Zafin Garwa yakan haura digiri 40, don haka tambayar ba ta wauta ba ce. Sai dai nonon uwa kusan duk ruwa ne, fiye da kashi 85 cikin 100, kuma wanda ke fara fitowa idan yaro ya kama mama ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishirwa. Abin da zafi ke nema shi ne ki yawaita ba shi nono, ke kuma ki yawaita shan ruwa. Cikin jariri ɗan ƙarami ne. In kin cika shi da ruwan randa, ya rage tsotso, nonon ya ragu, ga kuma ƙwayoyin cutar da suka biyo moɗa. Nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo, ba madarar shanu. Zuma ma sai ya shekara. Idan yana jiƙa tsumma kamar sau shida a yini da dare, yana samun abin da ya ishe shi.

Dakashi kuwa, nonon farko mai kauri da ake matsewa a zubar wai don ƙazanta ne, shi ne rigakafin yaro na farko. A ba shi tun a sa'ar da aka haife shi.

Ɗiyata wata bakwai, tana zawo kwana uku. Kakarta ta ce haƙori ne, zai wuce. Haka ne?

A nan zan daɗe, don wannan kalma ta haƙori ta yi mana ɓarna. Fitowar haƙori tana sa dalala, ƙaiƙayin dasashi, rigima da ɗan ɗumin jiki. Ba ta kawo zawo mai tsartuwa, ba ta kawo zazzaɓi mai zafi. Abin da ya sa ake haɗa su shi ne lokaci: wajen wata shida haƙori ke fara tsirowa, a daidai lokacin ne yaro ke fara shan kunu, yana kai duk abin da ya tsinta baki, kariyar da ya taho da ita daga jikin uwa kuma tana raguwa. Inna ta ga zawo da haƙori sun zo tare a kan 'ya'ya goma, ba ƙarya ta yi ba. Amma zuwa tare daban, haddasawa daban.

Zawo yana kashe yaro ne ta hanyar ƙarar da ruwan jikinsa. Maganinsa biyu ne, kuma ba tsada: ruwan gishiri da sukari na fakiti, wanda a asibitocinmu ake kira SRO, da ƙwayar zinc. A juye fakiti ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Duk sanda ta yi zawo, ki ba ta rubu'in kofi zuwa rabi da cokali, kaɗan-kaɗan. Yaron da ya wuce shekara biyu ya sha rabin kofi zuwa cikakke. In ta yi amai, ki dakata minti goma ki ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni, a zubar a haɗa sabo. Zinc kuwa miligiram 20 ne kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba, kuma ko zawon ya tsaya a rana ta uku sai an ƙarasa. In dare ya yi ba fakiti a gida, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya za su riƙe ki zuwa safiya. Kada ki tsayar da nono, kada ki hana ta abinci wai don ciki ya huta.

Sai maganar maɗiga. Idan ta faɗa, ba shafa mata ƙulli ko tura ganɗa da yatsa ke tayar da ita ba. Ruwan jiki ne ya ƙare. In kin ga haka, ko idanu sun zurma, ko kin ja fatar ciki ta ƙi komawa da wuri, ko akwai jini a kashin, ko ta kasa sha, ki ɗauki mayafinki.

Jikinsa ya yi zafi da dare. In sayi maganin zazzaɓi wajen mai tebur ko in jira?

Ko ɗaya. Ki ba shi farasitamol daidai nauyinsa, ki rage masa kaya, ki ba shi abin sha, da safe a kai shi a ɗiga jininsa a gwajin nan na 'yan mintuna. Ba kowane zafin jiki ne zazzaɓin cizon sauro ba: ciwon kunne, ciwon huhu da ciwon mafitsara duk suna zuwa da shi. Amma daga faɗuwar damina zuwa bayan kaka, musamman a bakin Binuwai da filayen shinkafa na Yagwa da Maga, zazzaɓin sauro ne abin zargi na farko, kuma a jikin ƙaramin yaro yana iya rikiɗewa ya yi tsanani cikin yini guda. Gwamnatin Kamaru ta mayar da maganinsa kyauta ga 'yan ƙasa da shekara biyar tun 2011, mai tsanani kuma tun 2014, saboda haka ki tambaya kafin ki kwance bakin zane. Maganin tebur ya sha rana, ba wanda ya san asalinsa, rabin ƙa'ida kuma ake sayarwa. Asfirin kada ya shiga bakin yaro.

Jaririn da bai kai wata biyu ba, hukuncinsa daban ne. Zafin jiki ko sanyin jiki, a daren nan za a tafi.

Masu yawo gida-gida da damina suna ba yara ƙwaya alhali lafiyarsu ƙalau. Mene ne amfanin?

Rigakafi ne. Tun 2016 ake rabon wannan magani a yankin Arewa da Arewa Mai Nisa, ga yara daga wata 3 zuwa 59, sau ɗaya a wata a watannin da sauro ya fi yawa. Ranar farko a gabansu yaro ke sha, sauran kwana biyun a hannunki suke, kuma nan ne ake samun matsala: ƙwayar tana da ɗaci, yaro ya tofar, uwa ta ajiye ragowar a kan kwabet. In ba a cika kwana ukun ba, kariyar watan ta gurgunce. Yaron da ke da zazzaɓi a ranar, gwaji ya kamace shi tukuna.

Akwai kuma allurar rigakafin zazzaɓin, wadda Kamaru ta riga kowace ƙasa sakawa cikin jerin alluran yara na yau da kullum a ranar 22 ga Janairun 2024, aka fara da gundumomin lafiya 42. Sau huɗu ake yi, farawa daga wata shida. Tana rage tsananin ciwon, ba ta ɗauke wa kowa kwana cikin gidan sauro ba.

In yaro ya fara taune-taune, me ake yi kafin a samu abin hawa?

Ki kwantar da shi a kan gefensa, ki kawar da abin da zai buge. Kada a cusa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a ɗura masa ruwa, manja ko jiƙo, don zai iya shaƙewa. Kada a turara masa hayaƙi, kada a kai ƙafarsa kusa da wuta. Addu'a ba ta hana tafiya, a yi ta a kan hanya. Wasu yara tsakanin wata shida da shekara biyar zafin jiki kaɗai ke sa su haka kuma su tashi garau, amma a gida ba za ki iya bambanta wannan da zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa ko sanƙarau ba. Mu kuwa a cikin yankin sanƙarau muke, daga hunturu har zuwa faɗuwar ruwa. Maɗigar da ta kumbura ta yi tauri, ko wuyan da ya sandare, alamunsa ne.

Tari da majina ba sa rabuwa da shi tun da iskar hunturu ta fara.

Yawancin mura tana wucewa da kanta, kuma sirof ɗin tari ba ya ƙara wa ƙaramin yaro komai. Abin dubawa shi ne numfashi. Lokacin da ya natsu, ki ɗaga rigarsa ki ƙirga na minti ɗaya da agogon waya. In ya kai 60 ga wanda bai kai wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa shekara, ko 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar, ana zargin ciwon huhu. In ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki sanda yake jan iska, gaggawa ce. A nisanta shi da hayaƙin murhu, har da kaskon turaren ɗakin jego.

Wanzami ya ce a cire belu ranar suna, in ba haka ba zai hana shi shan nono.

Na san wannan magana ba a gaban surukai ake musanta ta ba. Amma belu halitta ce, kowa da shi aka haife shi, kuma ba ya toshe wuya. Abin da ke biyo bayan yankan shi ne ake gani a asibiti: zubar jini, ruɓewar ciwo, yaro ya ƙi kama mama don zafi, wani lokaci har tetanus, ciwon da ke sarƙe haƙora ya sandarar da jiki. A yi aski, a yi yanka, a raɗa suna, a bar wuyan yaro. Wannan aikin uba ne ya faɗa, don maijego ba ta da baki a zaure.

Cibiya ma haka. A bar ta a bushe, a sa mata maganin da asibiti ya bayar kawai. Ban da toka, man shanu, man goge baki ko gashi da tsumma mai datti. Tana faɗuwa da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ja a kewayenta, ko ruwa mai wari, asibiti.

Idonsa ya yi rawaya a kwana na uku.

Jarirai da yawa suna yin 'yar shawara a kwana na biyu ko na uku, ta washe kafin mako biyu. Mai haɗari ita ce wadda ta bayyana a ranar haihuwa, ko ta sauka har tafin hannu da ƙafa, ko ta wuce mako biyu, ko yaron ya yi laushi ya daina tsotso. Da fitila ta musamman ake maganinta. Ki raba kayansa da kafur ɗin adaka, yana fasa jinin wasu jarirai.

Bayan allura cinyarsa ta kumbura, ya kwana kuka. Sannan mun yi tafiya, ranar ta wuce mu.

Kumburi da ɗumin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Wucewar rana kuma ba ta sa a koma farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Ki tafi da karnen, wato katin asibitin yaron, ko malama za ta yi ɗan faɗa. Ban da allurar zazzaɓin sauro, jerin shi ne ranar haihuwa, mako 6, 10 da 14, sai wata 9 na ƙyanda da shawara, sai ƙyanda karo na biyu a wata 15. Na wata tara ɗin nan ne aka fi mantawa, ƙyanda kuwa ba ta manta unguwar da aka bar mata ƙofa.

Tun da na yaye shi yake ramewa, ga shi kunu ba ya yanke masa.

Kunun gero tsararo yana cika ciki ne kawai. A kaurara shi har ya tsaya a cokali, a zuba masa ƙullin gyaɗa ko garin waken soya. A ba shi ƙwai, wake, dakakken busasshen kifi, miyar zogale ko kuka, mangwaro da gwanda in lokacinsu ne, a kwanonsa shi kaɗai, don in aka haɗa shi da yayyensa kallo zai yi. Nono har shekara biyu, kuma samun sabon ciki ba ya mayar da shi guba, yayen dare ɗaya ne ke jefa yaro cikin tamowa. A asibiti ana auna damtsen hannu da ɗan tef mai launi: ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Ƙafafun da suka kumbura duka biyu ma haka ne, ba ƙiba ba ce. Abincin gyaɗar nan na leda da ake bayarwa magani ne na yaro ɗaya, kada a raba wa gida.

Maigida ya yi tafiya, dare ya yi. Yaushe zan fita ba tare da jiran izini ba?

Idan yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da komai, ya yi taune-taune, ko ya yi nauyin barci har ba ya farkawa sosai. Haka in tafin hannunsa ya yi fari fat, ko numfashi ya yi masa wuya. Mafi sauƙi shi ne ku yi wannan magana da maigida tun yaro na lafiya, ya ba ki izinin tun yanzu, ya kuma sanar da mahaifiyarsa. Ku ajiye kuɗin babur da lambar mai babur ɗin unguwa a cikin karnen yaron.