Wanda kotu ta taɓa kama shi da laifi, zai iya zama kansila? Yadda doka take a Ingila

Mutane da yawa sun ɗauka duk wanda kotu ta taɓa yanke wa hukunci ya yi bankwana da takara. A Ingila ba haka abin yake ba. Sashe na 80 na dokar ƙananan hukumomi ta 1972 nauyin hukuncin da alƙali ya yanke yake dubawa, da kuma lokacin da aka yanke shi.

Ana hana mutum tsayawa takarar kansila idan, a cikin shekara biyar kafin ranar zaɓe, wata kotu a Birtaniya ta yanke masa ɗaurin wata uku ko fiye, ba tare da zaɓin biyan tara ba. Idan hukuncin ya zo bayan ya ci zaɓe, kujerar ce za ta tafi. Tara kaɗai, ko aikin al'umma, ko gargaɗin 'yan sanda, ko ɗaurin da bai kai wata uku ba, duk ba sa hana takara a ƙarƙashin wannan sashe.

Inda 'yan takara suka fi faɗawa shi ne ɗaurin da aka jingine, wato alƙali ya yanke amma bai tura mutum gidan yari ba muddin ya kiyaye sharuɗɗa. Mutum zai ce ai ko kwana ɗaya bai yi a kurkuku ba. Doka ba ta duba wannan: wata huɗu a jingine daidai yake da wata huɗu a tsare. Abin da ake ƙirgawa kuma shi ne wa'adin da aka furta a kotu, ko da an saki mutum da wuri. Shekara biyar ɗin tana farawa daga ranar da damar ɗaukaka ƙara ta ƙare, ko ranar da aka kammala ƙarar idan an ɗaukaka. Afirka ta Kudu ta bi wata hanya: ɗaurin sai ya haura wata 12, kuma ana ƙirga shekara biyar daga ranar kammala wa'adi.

Tsarin Ingila ya daɗe da giɓi, domin wanda ya aikata laifin lalata amma hukuncinsa bai kai wata uku ba yana iya riƙe kujerarsa. Wata doka ta 2022 kan cancantar kansiloli ta toshe shi: wanda aka sa a rajistar masu laifin lalata bayan dokar ta fara aiki ba zai tsaya ba muddin sunansa na ciki. Gyara ne da ya dace. Akwai kuma haramcin shekara biyar da kotu ke ɗora wa wanda ya tsoratar da 'yan takara, ƙarƙashin dokar zaɓe ta 2022, sannan maguɗin zaɓe yana da nasa haramcin.

Jami'in zaɓe ba ya binciken tarihin kowa. Ɗan takara ne ke sa hannu a takardar amincewa da tsayawa, yana shaida cewa babu abin da ya hana shi. Yin ƙarya da gangan a wannan takarda laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari, kuma ana iya ƙalubalantar zaɓen a kotu, galibi cikin kwana 21. Don haka kafin sa hannu, mai tsohuwar shari'a ya nemo takardar hukuncinsa daga kotu, ya duba tsawon wa'adin da ranar, ya kai wa lauya idan lissafin shekarun ya zo kusa da ranar zaɓe.