Hoton Nukiliya da Tarin Fuka: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne hoton nukiliya, kuma ina ya sha bamban da hoton ƙirji?

Hoton ƙirji siffar huhu yake nunawa. Shi kuwa wannan, aikin da ke gudana a cikin tsoka yake kamawa. A nau'in da ake kira PET, ana yi wa majiyyaci allurar wani sukari mai suna FDG wanda aka haɗa da ɗan sinadarin nukiliya, bayan ya yi awa huɗu zuwa shida bai ci komai ba. Sai a jira kamar awa ɗaya kafin ya shiga na'ura. Ƙwayoyin garkuwar jiki da ke fafatawa da cuta suna shan sukari sosai, don haka duk inda suka taru sai wurin ya haska a hoton.

To yana tabbatar da cewa tarin fuka ne?

A'a, kuma nan ne ya kamata a kula. Ciwon daji ma haka yake haskawa, wasu cututtukan kumburi ma haka. Hoton zai ce ga inda matsala take, amma ba zai faɗi sunanta ba. Mai tabbatarwa shi ne gwajin kaki, musamman GeneXpert da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010, wanda ke ba da sakamako cikin kimanin awa biyu.

Ina amfaninsa ke nan?

A inda cutar ta ɓuya. Tarin fuka ba a huhu kaɗai yake tsayawa ba: yana cin ƙashin baya har ya jawo ƙusumbi, yana kumbura kaluluwa, yana shiga ciki. Irin wannan majiyyaci sau da yawa ba shi da kakin da zai bayar. Hoton na duba jiki gaba ɗaya, ya nuna wa likita inda zai ɗebo tsoka a gwada. Ana kuma amfani da hoton a duba ko magani na kamawa, sai dai wani bincike a Afirka ta Kudu a 2016 ya gano huhun mutane da yawa na ci gaba da haskawa bayan sun kammala magani.

Sinadarin ba ya cutarwa?

Kaɗan ne, kuma ƙarfinsa na raguwa da rabi duk minti 110. Amma mai juna biyu ko mai shayarwa lallai ta sanar da likita tun farko.

Mai tari ya nemi wannan hoton?

Na'urar tana da tsada, kuma ƙalilan ne a ƙasashenmu. Wanda tarinsa ya kai mako biyu ya garzaya asibiti a gwada kakinsa. A Najeriya maganin wata shida kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.