Me ake nufi da rumbun bayanai mai alaƙa?

Wani ƙanena da ke harkar dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada ta Jos ya haɗa bot, wato manhajar da ke amsa saƙo da kanta, a Telegram don karɓar odar kwastomominsa na Abuja. A kan wata tsohuwar kwamfuta da ke ɗakinsa bot ɗin yake aiki. Da aka ce masa sai ya tanadi rumbun bayanai mai alaƙa, ya bugo mini waya: "Yaya, wace irin alaƙa kuma?"

Bot dai ba shi da riƙo. Da an ɗauke wuta, duk abin da ba a rubuta ba ya tafi. Rumbun shi ne littafin ajiyarsa, mai alaƙa kuwa shi ne wanda ake jera komai a jadawali, layi-layi, kamar littafin bashi na ɗan kasuwa. Edgar Codd na kamfanin IBM ne ya fito da tsarin a 1970, kuma a lissafinsa jadawalin kansa ake kira alaƙa. A wurin aiki kuwa, abin da zai amfane ka shi ne yadda wannan jadawali ke kama hannun wancan.

Ga misalin da na ba shi. Jadawalin kwastomomi yana ɗauke da suna da unguwa, kowa da lambarsa wadda ba ya tarayya da kowa a cikinta. Ita ce babban mabuɗi. Jadawalin oda kuma ba ya maimaita suna. Buhu nawa, wace rana, sai lambar mai odar kawai. A ce Hajiya mai lamba 7 ta tashi daga Wuse ta koma Kubwa: wuri guda za ka gyara, odarta arba'in duk sun san sabon gida. Rumbun ma ba zai yarda a rubuta oda da lambar da ba ta da mai ita ba, muddin ka ɗaura wannan sharaɗi. Na ja kunnensa kada ya dogara da sunan da mutum ya sa wa kansa a Telegram, domin ana canza shi. Lambar da Telegram ke ba kowane asusu ce ba ta canzawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗaure aiki biyu su zama ɗaya. Rubuta oda da rage buhunan da ke sito, ko dai su shiga tare ko su fasa tare. Wuta ta ɗauke a tsakiya, lissafi bai karkace ba.

Da yaren SQL ake magana da irin wannan rumbu. Ga ƙaramin bot, ni SQLite nake zaɓa, wanda ya fito a 2000: fayil ɗaya ne tak, babu wata hidima. In ciniki ya bunƙasa har manhajoji da yawa suna rubutu lokaci guda, sai a koma PostgreSQL. A nan za ka buɗe wa bot ɗin asusunsa daban da kalmar sirri, ka ba shi iko a kan rumbunsa kaɗai, kuma kada ka bar ƙofar 5432, wadda ta nan ake shiga PostgreSQL, a buɗe ga intanet.

Ƙanen nawa SQLite ya ɗauka, da jadawali uku, na ukun na biyan kuɗi. Kowace Juma'a bayan masallaci yakan tsayar da bot ɗin, ya kwafe fayil ɗin a filashi, sannan ya sake kunna shi.