Kriss Akabusi

Kriss Akabusi tsohon ɗan wasan guje-guje ne na Birtaniya wanda ya yi suna a gudun mita 400 na tsallake shinge da kuma gudun ya-da-ƙanin-wani na mita 400 sau huɗu, wato wanda mutum huɗu ke miƙa wa juna sanda. Cikakken sunansa Kezie Uchechukwu Duru Akabusi. An haife shi ranar 28 ga Nuwamba 1958 a unguwar Paddington ta birnin Landan, kuma iyayensa 'yan ƙabilar Ibo ne daga Najeriya da suka je Ingila karatu.

Yana ɗan shekara huɗu iyayen suka koma gida, suka bar shi da ƙaninsa a hannun masu riƙo. Da yaƙin basasar Najeriya ya ɓarke a 1967 sai labari ya yanke tsakaninsu, yaran suka tashi a gidajen renon yara na hukuma. A 1975 ya shiga sojan Birtaniya a sashen sadarwa, daga baya ya koma sashen da ke horar da sojoji motsa jiki. A bariki ne aka gane yana da ƙafa.

Da gudun mita 400 marar shinge ya fara. A gasar Olamfik ta Los Angeles a 1984 yana cikin mutum huɗun da suka ciyo wa Birtaniya azurfa a ya-da-ƙanin-wani. Sai dai fagen ya cika da matasa irin su Roger Black da Derek Redmond, waɗanda suka fi shi sauri. Maimakon ya zauna jiran gurbi, a 1987 ya koma tsallake shinge yana da shekara 28, shekarun da wasu ke tunanin ajiye takalmi.

Wannan sauyi ba ƙaramin abu ba ne. Shinge goma ake jerawa, kowanne tsayinsa santimita 91.4. Daga mafari zuwa na farko mita 45 ne, tsakanin kowane biyu mita 35, bayan na ƙarshe kuma akwai mita 40 zuwa layi. Dole ɗan wasa ya riƙa ƙirga takunsa don ya iso shinge da ƙafar da ta dace, ga shi gajiya na rage tsawon taku tun daga shinge na shida ko na bakwai. Wanda lissafi ya kuɓuce masa sai ya yi ta ƴan gajerun taku a gaban shinge, abokan karawa su wuce shi. Akabusi bai yi fice wajen kyawun tsallake ba, amma juriyar da ya taho da ita daga gudun fili ta sa yake da saura lokacin da wasu suka ƙare. A shekarar da ya sauya ɗin ya kai zagayen ƙarshe a gasar duniya ta Roma, ya sake kaiwa a Olamfik ta Seoul a 1988.

A 1990 ya ci zinare a gasar ƙasashe renon Ingila a Auckland, sannan ya ci na Turai a birnin Split da daƙiƙa 47.92. Da haka ya shafe tarihin Birtaniya na 48.12 da David Hemery ya kafa tun 1968.

Abin da ya fi zama a zukatan mutane shi ne gasar duniya ta Tokyo a 1991. Ya riga ya samu tagulla a tsallake shinge, a tseren da Samuel Matete na Zambiya ya lashe. A ya-da-ƙanin-wani kowa ya ba Amurka. 'Yan Birtaniya suka sauya jeri: Black, wanda aka saba ajiyewa ƙarshe, shi ya fara, sai Redmond, sai John Regis, aka bar wa Akabusi zagayen ƙarshe. Ya karɓi sanda yana bayan Antonio Pettigrew, wanda a wannan gasar ya zama zakaran duniya na mita 400. Akabusi bai yi gaggawa ba. Ya manne masa a baya har suka fito kwanar ƙarshe, sannan ya buɗo ta waje ya wuce shi dab da layi. Sun gama cikin minti 2 da daƙiƙa 57.53. Mai tsallake shinge ɗan shekara 32 ya kayar da zakaran gudun fili a fagensa, kuma haƙurin da ya yi a wannan zagaye ya cancanci yabo kamar saurin. A shekarar ne aka ba shi lambar girmamawa ta MBE.

A Barcelona a 1992 ya zo na uku da daƙiƙa 47.82, bayan Kevin Young na Amurka da ya kafa tarihin duniya da 46.78 da Winthrop Graham na Jamaika. Shi ne lokacinsa mafi kyau, kuma ko ɗan ƙasarsa Dai Greene, zakaran duniya na 2011, a 47.84 ya tsaya a 2012. Ya ƙara wata tagullar a ya-da-ƙanin-wani.

Bayan ya bar fage ya koma talabijin, inda ya gabatar da shirin Record Breakers na BBC, masu kallo suka san shi da dariyarsa mai ƙarfi. Daga nan ya rungumi aikin yi wa ma'aikatan kamfanoni da matasa lacca kan himma da aiki tare.