Kotun Waxahachie: ƙaramin gari, katafaren gini

Wai ina ne ma Waxahachie ɗin?

Gari ne a jihar Teksas ta Amurka, kamar kilomita 50 kudu da Dallas, shi ne hedikwatar gundumar Ellis. Teksas kaɗai gundumomi 254 gare ta, kowacce da gidan kotunta, kuma ba shari'a kawai ake yi a ciki ba, nan ake ajiye takardun filaye da na aure, nan hukumar gunduma take zama.

Ina suka samu kuɗin irin wannan gini?

Auduga ce. Ellis tana cikin manyan masu noman auduga a lokacin, ga shi tun 1881 dokar jihar ta ba gundumomi damar cin bashi su gina kotu. Aka fara aiki a 1895 aka gama a 1897, wanda ya zana shi James Riely Gordon ne daga San Antonio. Bangon na dutse ne mai ruwan hoda, an ƙawata shi da jan dutse, ga hasumiyar agogo a tsakiya.

Me ya sa ƙofofin suke a kusurwa?

Nan ne abin ya fi burge ni gaskiya. Lokacin babu na'urar sanyaya ɗaki kuma zafin Teksas ba wasa ba ne, sai Gordon ya sa ƙofofin shiga a kusurwoyi huɗu da baranda, ya ajiye matakala a tsakiyar ginin ƙarƙashin hasumiya, iska ta shigo ta ko'ina, mai zafin ta bi ramin matakalar ta haye sama. Mutumin ya san ƙasar da yake wa gini, shi ya sa nake ganin girmansa.

Fuskokin da aka sassaƙa a jikin dutsen fa?

Mutanen garin suna cewa wai wani masassaƙi ne ya kamu da son 'yar masu masaukinsa, ya dinga sassaƙa fuskarta kyakkyawa, da ta ƙi shi sai fuskokin suka koma munana. Masana tarihi dai ba su yarda da labarin ba, amma fuskokin suna nan a saman ginshiƙan baranda, wasu kyawawa wasu a murtuke.

Har yanzu ana amfani da shi?

Sosai ma. A 1999 Teksas ta kafa shirin gyara tsofaffin kotuna, aka yi wa wannan gyara na sosai aka sake buɗe shi a 2002.