Ɗaurin buji a injin jirgin ruwa

Buji, wanda mutanen Najeriya ke kira fulogi, shi ne ɗan ƙarfen nan mai farin tangaran da ake murɗawa a kan inji, aikinshi ya fidda tartsatsin wuta ya kunna haɗin esansi da iska a cikin silinda. Injin jirgin ruwa na rataye, irin su Yamaha Enduro 15 da 40 da ake gani bayan kwale-kwale a kogin Kwara wajen Yamai da Gaya ko tafkin Chadi, shi ma da buji yake tashi. Nan Maradi kam ba mu da ruwan jirage sosai in ka ɗebe tafkin Madarunfa, Gulbi ma sai damina yake kawowa, amma dokar ɗaurin ɗaya ce da ta injin ban-ruwa na masu lambu a Jiratawa da ta mashin ɗin kabu-kabu.

Dalilin da ya sa ɗaurin ke da awo shi ne kan injin alminiyam ne, mai taushi, shi ko buji ƙarfe ne, to in aka yi kokawa tsakaninsu haƙoran ramin da ake murɗa bujin ciki ne ke cinyewa ba bujin ba. A gindin bujin akwai wani ɗan zobe na ƙarfe da ke lotsewa in an ɗaure, shi ke toshe iska kar ta fita, kuma ta wurin nan ne zafin buji ke wucewa ya shiga jikin inji, ruwan sanyaya ya kwashe shi. In ɗaurin ya yi sako-sako zafin ba ya samun hanya, bujin ya yi ta ɗaukar wuta har ya dinga kunna mai kafin lokaci, wanda zai iya kaiwa ga huda fistan, ga ƙarfin inji ya ragu, ga baƙin mai na tsatsafowa a bakin ramin. In kuma an matse fiye da kima sai jikin bujin ya miƙe, tangaran ya tsage ko ya karye a ciki, ko haƙoran su zube gaba ɗaya. Wannan na biyun ya fi yawa wurin makanikanmu, don wai ɗauri sai an ji shi a kafaɗa, har wani ya zura bututu a sifana ya ƙara mata tsawo. Ɓarna ce kawai.

Awon da kamfanin NGK na Japan, mai ƙera buji, ya bayar ga kan inji na alminiyam: buji mai kaurin haƙora milimita 14, irin B7HS da B8HS da ƙananan injinan jirgi da dama masu cin mai haɗe da baƙin mai ke amfani da su, 25 zuwa 30 N·m (Niyuton-mita, ma'aunin ƙarfin ɗauri). Mai milimita 12 kuwa 15 zuwa 20, mai 10 kuma 10 zuwa 12. Amma littafin injin shi ke da magana ta ƙarshe. Da sifana mai awo ake samun wannan daidai, wadda ke yin ƙas in ta kai lambar da aka saita.

To ita wannan sifanar ba kowane gareji ke da ita ba, balle mai jirgi a tsakiyar ruwa, shi ya sa ake bin lissafin juyi. A bari inji ya huce tukuna, a goge bakin ramin kar yashi ya faɗa ciki, sai a sa bujin da yatsu zalla a yi ta murɗawa har zoben ya zauna. In ya cije tun juyi na biyu ko na uku to ya hau karkace ne, a warware a sake, kar a ce bari sifana ta ƙarasa. Bayan ya zauna, sabon buji mai milimita 14 ana ƙara mashi rabin juyi zuwa kashi biyu cikin uku na juyi, za ka ji yana tafiya da laushi lokacin da zoben ke lotsewa sannan ya tsaya cak. Tsohon buji da aka ciro aka wanke zobenshi ya riga ya lotse, ɗan kaɗan kawai yake so, wajen kashi ɗaya cikin 12 na juyi, kamar tafiyar hannun agogo daga 12 zuwa 1. Nan ne fa mutane suka fi faɗawa, su ba tsoho rabin juyi irin na sabo. Akwai kuma buji marar zobe mai gindi kamar mazurari, shi kashi ɗaya cikin 16 na juyi ne.

Shafa giris ko baƙin mai a haƙoran, NGK ta ce kar a yi ma bujinta, don santsin na sa a wuce awo ba a sani ba. In haƙoran ramin sun riga sun cinye ana gyara su da wata naɗaɗɗiyar waya da ake kira Helicoil, sai dai an fi so a sauke kan injin tukuna saboda garin ƙarfe kar ya zuba cikin silinda. Bayan ɗauri a tura hular roba ta wayar buji sosai har ta kama, don feshin ruwa da ya shiga wurin yana sa wuta ta tsallake inji ya dinga tari.