Dashen ƙashi: me ake sakawa a gurbin, kuma me jiki ke yi da shi?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai karaya a nan Katsina, musamman 'yan acabar nan da tsautsayi ke rutsawa da su a hanyar Daura ko ta Jibiya, wataƙila ya ji likita ya ce sai an yi dashen ƙashi. Da yawanmu mun ɗauka wani abu ne ake cusawa ya toshe gurbin ya zauna har abada. To ba haka abin yake ba, dashen da ya yi kyau jiki cinye shi yake a hankali ya maye gurbinsa da nasa ƙashin.

Karaya ta yau da kullum ƙashi da kansa yake haɗewa, shi ya sa mai ɗori ke yawan cin nasara. Matsalar ita ce in ƙashin ya dagargaje wani yanki ya fita, ko ya ruɓe aka yanke, sai rata ta yi faɗi, su kuma ƙwayoyin halittar da ke gina ƙashi ba sa iya tsallake fili, dole sai da abin takawa. Dashen kamar danga yake ga kabewa, shi ne abin da za su bi su haura.

Jikinmu na da ƙwayoyi masu gini da masu rusau, kullum suna aiki tare, kuma abin da aka saka shi ke nuna musu yadda za su yi. In yana da ƙananan ƙofofi masu haɗe da juna, aƙalla mikiron 100 wato kashi ɗaya cikin goma na milimita, jijiyoyin jini za su kutsa ciki su kai abinci, masu gini su biyo baya. In fuskarsa na da kaushi sun fi manne masa. In kuwa sumul yake kuma a toshe, sai jiki ya naɗe shi da tsokar tabo ya rabu da shi, an yi aikin banza kenan.

Wanda ya fi kowane dai shi ne ƙashin mutum na kansa, galibi daga ƙugu ake ɗiba, don yana zuwa da ƙwayoyinsa masu rai. Illarsa yanka biyu za a yi maka, kuma ciwon ƙugun nan wani sa'in ya fi na wurin karayar daɗewa. Akwai na wani mutum da aka tsaftace aka adana, akwai na saniya da aka cire masa duk wani nama sai ma'adinin zalla, likitocin haƙori suna yawan amfani da shi. Akwai ma na alade fa, don haka tambaya ba laifi ba ce kafin a sa hannu a takarda.

Sai na kamfani, yawanci haɗin kalshiyam ne, wato ma'adinin da ke ba ƙashi ƙwari. Nan kuma lissafin lokaci ne, wani cikin makonni ya narke tun sabon ƙashi bai yi ƙwari ba, wani kuma ya yi shekaru yana nan ya tare wuri. A 1965 wani likita a Amurka, Marshall Urist, ya dasa ƙashin da aka cire wa ma'adini a cikin tsokar zomo, sai ga sabon ƙashi ya fito a inda babu ƙashi. Daga nan aka gano furotin ɗin da ake kira BMP, shi ke kiran ƙwayoyi su koma masu gini, yanzu har saka shi ake a wasu dashen, sai dai tsada.

Ni abin da ke ban haushi shi ne a kashe kuɗi a yi tiyata, mutum ya dawo gida ya ci gaba da busa sigari, alhali taba tana matse jijiyoyin jinin da dashen ke jira. Haka mai ciwon suga da bai kula da shi ba, ko wanda ya yi gaggawar taka ƙafar. Aikin nan watanni yake ɗauka, kuma hoton ƙashi ne zai nuna ya kama, ba dainawar ciwo ba.